Kashi Na Biyu: Tarihin Ci-gaban Labari A Finafinan Hausa Da Dalilan Da Kan Sa Ya Gaza

Gabatarwa

Mu da muka yi samartaka a unguwar Hashimi ta garin Suleja a ƙarshen shekarun 1990, ba za mu manta da ɗan allon da mai shagon hayar kaset kan jingine a bakin ƙofa ba, wanda yakan rubuta sunayen sababbin finafinan da suka iso daga Kano da alli a jikinsa. A wancan lokaci garin ya cika ya batse da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman aikin ƙarfi, sakamakon komawar gwamnatin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, kuma kallon bidiyo da dare shi ne babban abin da ya haɗa ɗan gari da baƙo. Akan haɗa kuɗi a karɓo kaset, a taru a ɗakin wanda gidansu ke da na'ura, a yi ta addu'ar kada a ɗauke wuta. Sai labari ya kai inda numfashin kowa ya tsaya, sai hoto ya daskare, rubutu ya fito cewa a nemi kashi na biyu.

Daga nan sai jira, wani lokaci makonni, wani lokaci watanni. Ran da kashi na biyun ya iso akan yi rububinsa, amma sau da yawa idan aka gama kallo sai ɗaki ya yi tsit, can wani ya nisa ya ce, "Ai na ɗayan ya fi." Wannan 'yar gajeriyar magana ita ce abin da wannan maƙala za ta bi sawunta. Za mu duba inda al'adar raba labari kashi-kashi ta samo asali a adabin Hausa, da yadda ta shiga finafinai, da kuma dalilan da kan sa ci-gaban fim ya kasa kai wa inda na farkonsa ya kai. Ra'ayinmu shi ne, mafi yawan kashi na biyu kasuwa ce ke haifarsa alhali labari ya riga ya ƙare, kuma wanda duk ya tsira daga cikinsu, za a tarar ya zo ne da sabuwar tambaya tasa ta kansa.

Labari Mai Ƙarewa Da Labari Mai Ci Gaba

Tun kafin zuwan majigi da silima, Bahaushe ya san nau'i biyu na labari. Na farko shi ne wanda ake buɗewa a rufe a zama ɗaya, kamar tatsuniyar Daskin-da-Riɗi ko ta Ta-Kitse. Idan mai tatsuniya ta ce ƙurunƙus, to magana ta ƙare, mugu ya ga sakayya, mai haƙuri ya ci riba, kuma babu yaron da zai tashi gobe ya ce a ba shi ci-gaban abin da ya faru bayan biki. Nau'i na biyu shi ne na Gizo da Ƙoƙi. Tatsuniyoyin Gizo ba su ƙidayuwa, amma babu wadda ta dogara da wata. Gizon jiya shi ne na yau, bai tsufa ba, bai yi hankali ba, bai tuba ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne halinsa, saboda haka duk sau nawa ya dawo ba a ƙosawa da shi.

Akwai kuma nau'i na uku da ya zo mana daga Gabas, wato na Dare Dubu Da Ɗaya, wanda Frank Edgar ya buga fassararsa ta Hausa a 1924. A nan ne muka ga mai ba da labari tana yanke shi da gangan idan asuba ta yi, domin sarki ya bar ta da rai har daren gobe. Wannan ita ce uwar dabarar da masu fim suka riƙa amfani da ita daga baya. Sai dai akwai abin lura guda, shi ne cewa lokacin da take yanke labarin ta riga ta san ƙarshensa, kuma ta san idan na gobe bai kai na yau daɗi ba, wuyanta ne zai biya.

A rubutaccen adabinmu, babu misalin da ya kai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin littattafai uku daga 1937 zuwa 1939. Idan muka dubi zubinsa za mu ga cewa Imam bai ja zaren littafi na ɗaya ya shiga da shi na biyu ba. A na ɗaya, aku yana ba da labarai ne domin ya hana ɗan sarki fita ya faɗa tarkon waziri, kuma wannan matsala ta warware a ƙarshen littafin. A na biyu sai aka kafa sabon dalili, wato gasar ba da labari tsakanin akun da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuwa uba ne ke koya wa ɗansa Fasih dabarun zaman duniya. Tauraro ɗaya ne, amma kowane littafi da tasa tambayar, shi ya sa har yau da wuya a ji mai karatu ya ce na biyu ko na uku ɓata takarda ne.

Zamanin Silima Da Talabijin

An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, daga baya wasu suka biyo, kamar Palace da Plaza da El Dorado. Finafinan Indiya da suka mamaye waɗannan gidaje tun daga wajen shekarun 1960 sun koya wa ɗan kallo Bahaushe wani irin tsammani. Fim ɗin Indiya na wancan zamani yakan ɗauki kusan awa uku, a yi hutun rabin lokaci a tsakiya, amma kafin mutum ya bar kujerarsa an haifi jarumi, ya girma, ya yi soyayya, ya rama kisan ubansa, ya sadu da uwarsa da ta ɓace. Kuɗin tikiti ɗaya, cikakken labari ɗaya. Ci-gaban fim abu ne da ba kasafai Indiyawan lokacin ke yi ba, kuma da suka gwada da fim ɗin macijiya Nagina na 1986, wanda Sridevi ta fito a ciki, ci-gabansa Nigahen na 1989 bai sami karɓuwar na farko ba, duk da cewa ita ce dai ta sake fitowa.

Daga Amurka ne aka fi ganin fim mai lamba a gaban sunansa. Rambo na farko, na 1982, labarin tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya rasa wurin zama a ƙasarsa, har 'yan sandan wani ƙaramin gari suka tura shi bango. Na biyu, na 1985, ya ajiye wannan damuwa ya ƙara yawan harsashi, kuma ya fi na farko kawo kuɗi. Na uku, na 1988, ya ƙara harsashin a kan na biyu, sai ciniki ya ja baya. Wannan ya nuna mana tun da wuri cewa ribar kashi na biyu ba ita ce shaidar ingancinsa ba, domin mutane kan saya ne saboda daɗin da suka ji a baya, sai a kashi na gaba su rama.

A gida kuwa, wasannin talabijin irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karkuzu na Jos sun bi tafarkin Gizo ne. Kowane mako Samanja yana nan da fushinsa da Hausarsa ta bariki, kuma wanda bai ga na makon jiya ba babu abin da ya rasa.

Littattafan Soyayya Da Haihuwar Kashi

Kalmar kashi, da ma'anar da muka san ta a yau, ta yi ƙarfi ne tare da littattafan soyayya da suka ɓullo daga tsakiyar shekarun 1980. Dalilinta na farko rashin jari ne. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya daga buga ƙagaggun labarai. Marubuci shi ne mai rubutu, shi ne mai kai wa maɗaba'a, shi ne mai bin masu sayar da littattafai bashi. Wanda ba shi da kuɗin buga shafi ɗari biyu sai ya buga tamanin, ya sayar, ya buga sauran da abin da ya samu. Ta haka littattafai da dama suka fito, ciki har da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya yi tashe a farkon shekarun 1990.

Masu karatu sun karɓi wannan tsari, domin a mafi yawan lokuta labarin yana nan a kammale a hannun marubuci, aljihu ne kawai ya raba shi. Amma ba a daɗe ba aka gane wani abu, shi ne cewa wanda ya sayi na ɗaya ya zama dole ya sayi na biyu, ko da kuwa cinikin biri a sama ne. Abin da talauci ya fara sai ya koma dabarar ciniki. Da marubutan nan da masu karatunsu suka juya zuwa bidiyo, da wannan darasi suka tafi.

Bidiyo Da Cinikin Kwali

Masana sun fi ɗaukar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wanda ya fito a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa sosai. A Kudu ma, Living in Bondage na 1992 ya sami ci-gabansa a 1993, kuma daga nan raba fim biyu ya zama ruwan dare a can. A Kano, kafin ƙarshen shekarun 1990 sana'ar ta kafu, ta sami mujallunta irin su Tauraruwa da kuma Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a Kaduna a 1999, ta kuma sami cibiyoyin cinikinta a Bata da Ƙofar Wambai.

Ba za a fahimci kashi na biyu ba sai an fahimci yadda furodusa ke samun kuɗinsa a wancan zamani. Idan ya gama fim, yakan buga kwalayen da za a sa kaset a ciki, masu ɗauke da hotunan 'yan wasa. Kwalin nan shi yake sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su sayi kaset marar komai su naɗi fim ɗin da na'urorinsu. Ke nan ribar mai fim tana ga yawan kwalin da ya sayar, ba ta ga tsawon fim ko kyansa kai tsaye ba. Mai lissafi kuwa ba ya bukatar a gaya masa cewa idan ya ɗauki fim ɗaya ya raba shi biyu, ya sayar da kwali biyu da kuɗin aiki ɗaya. Ba ƙarancin wuri a kaset ne ya jawo rabon ba, domin kaset ɗin bidiyo na yau da kullum yana ɗaukar awa uku. Sai daga baya, da faifan VCD ya maye gurbinsa a shekarun 2000, aka sami uzuri na gaske, tun da shi bai wuce minti tamanin ba. A nan ne muka shiga zamanin da ake rubuta 1 da 2 a kwali ɗaya, 3 da 4 a wani.

A tsakiyar wannan yanayi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, da labarin soyayyar ɗan sarki da wata yarinya mai hidima a gidan sarauta, inda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito. A shekara ta 2000 kuma Wasila, wanda Yakubu Lere ya shirya, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, ya girgiza 'yan kallo da jigonsa na cin amanar aure. Dukansu biyu an yi musu ci-gaba. Ba mu ce ci-gaban nasu bai sayu ba. Abin da muke cewa shi ne, idan yau aka ambaci sunayen nan a gaban wanda ya kalle su a lokacin, abin da zai faɗo masa a rai shi ne waƙa da fuskoki da rikicin kashi na farko, kuma da ƙyar zai iya ba da labarin yadda na bayan suka gudana. Ƙwaƙwalwar 'yan kallo ita ma alƙali ce, kuma hukuncinta bai faye sauka a gefen kashi na biyu ba.

Dalilan Gazawa

Ya kamata mu rarrabe tsakanin abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya. Akwai yankakken fim, wato wanda aka ɗauka a lokaci guda aka raba shi, akwai kuma jan labari, wato wanda ba a yi niyyarsa ba sai da aka ga na farko ya yi kasuwa. Kowanne da irin cutarsa.

Cutar yankakken fim ita ce ƙarin ruwa. Labarin da zai cika awa ɗaya da rabi, idan aka ce sai ya cika uku, dole a tsinka shi kamar miyar da baƙi suka yi wa yawa. A nan ne za a ga mota ta fito daga gida, maigadi ya buɗe ƙofa, ya rufe, a bi ta titi har ta isa, a sake buɗe wata ƙofar. A nan ne ake gaisuwa tun daga lafiyar gida har ta dabbobi, a maimaita waƙa, a kuma cinye minti goma na farkon kashi na biyu wajen tuna abin da ya faru a na ɗaya. Tun da kuma kashi na ɗaya shi ne tallan na biyu, akan zuba duk abin da ke da armashi a cikinsa, a bar wa na biyu zaman sulhu da nasihar malam da ɗaurin aure.

Cutar jan labari ta fi wannan tsanani, domin ta shafi jigo ne. Kowane ƙagaggen labari yana tsaye ne a kan tambaya guda. Shin ɗan sarki zai auri baiwar Allah nan? Shin asirin maci amana zai tonu? Idan aka amsa tambayar, igiyar da ke riƙe da ɗan kallo ta kwance. Mai son ya ci gaba sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu, ko dai ya warware amsar da ya riga ya bayar, ko ya ƙirƙiro rikicin da bai tsiro daga halayen taurarinsa ba. Idan ya bi ta farko, sai a ga mugun da ya mutu ashe suma ya yi, ko masoyan da suka sha wuya kafin su haɗu sun rabu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ɗan kallo kuwa ya ji an mai da hawayen da ya zubar a baya na banza. Idan ya bi ta biyu, sai ga kishiya daga sama, ko boka, ko haɗarin mota da mantuwa, ko wani ɗan'uwa da ba a taɓa ambata ba ya dawo daga Turai. Duk wanda ya yi kallon finafinan wancan zamani ya san waɗannan ƙofofi, domin an bi ta cikinsu har sun gaji.

Dalili na uku shi ne gaggawa. Fim na farko sau da yawa ya daɗe a zuciyar mai shi, ya juya shi, ya ba abokai labarinsa, ya gyara. Na biyu kuwa ɗan kasuwa ne ke tsaye a kansa yana cewa a yi maza kafin zafin na farko ya huce, kafin kuma wani ya fito da mai kama da shi. Abin da aka shekara ana dafawa ba zai yi daidai da abin da aka ɗora da hantsi aka sauke da azahar ba.

Dalili na huɗu ya fi shafar sana'ar fim ta Hausa fiye da sauran, wato sauyawar 'yan wasa. Al'ada ce sananniya cewa 'yar wasa idan ta yi aure takan bar fitowa, kuma sau da yawa auren kan zo ne daidai lokacin da tauraruwarta ke haskawa, wato daidai lokacin da ake bukatarta a kashi na biyu. Ga kuma saɓani a kan kuɗin aiki, domin wanda aka biya kaɗan yana sabon shiga ba zai yarda da wannan farashi ba bayan ya yi suna. Ga mutuwa, wadda ta ɗauke taurari irin su Ahmad S. Nuhu a haɗarin mota a farkon 2007. Littafi ba ya fuskantar wannan matsala, tun da tauraronsa a zuciyar mai karatu yake zaune. A fim kuwa fuska ita ce tauraro, idan aka sauya ta sai an sake gina amana daga tushe.

Dalili na biyar yana ga shi ɗan kallon ne, kuma adalci ya sa mu faɗe shi. Abin da ya sa fim na farko ya kama zuciya, rabinsa mamaki ne, mamaki kuwa ba a yinsa sau biyu a kan abu ɗaya. Ɗan kallo yana zuwa da bukatu biyu masu karo da juna, yana son a ba shi irin na da, yana kuma son a ba shi sabo. In an maimaita ya ce ɗumame ne, in an sauya ya ce an ɓata. Bugu da ƙari, a watannin da ya yi yana jira ya riga ya shirya nasa kashi na biyun a ransa, ya yi musu a kansa a majalisa da wurin mai shayi, kuma babu daraktan da zai iya yin fim da ya dace da dubban finafinan da ke cikin kawunan mutane. Akwai kuma wani lissafi mai sauƙi da akan manta. Ba kowane fim ake yi wa ci-gaba ba, sai wanda ya yi fice a cikin ɗaruruwa, inda labari da waƙa da 'yan wasa da lokacin fitowa suka dace gaba ɗaya. Irin wannan dacewa ba kullum take faruwa ba. Saboda haka ko da na biyun ya fi yawancin finafinan shekararsa kyau, ba da su za a auna shi ba, da yayansa za a auna shi, wanda shi ma sa'a ta taimake shi.

Waɗanda Suka Tsira

Duk da haka akwai waɗanda suka tsallake, kuma hanyoyinsu ba su wuce ukun da muka gani a adabinmu ba. The Godfather na biyu, na 1974, ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau kamar yadda na farko na 1972 ya ci. Ya yi haka ne ta bin hanyar Imam, domin ya koma baya ya nuna ƙuruciyar uban da yadda ya gina gidansa, ya kuma jera ta da yadda ɗan ke rusa zumuncin gidan da hannunsa. Tambayar na farko ita ce wa zai gaji uba, ta na biyu kuwa ita ce me gadon ya yi wa magajin. Baahubali na Indiya, wanda S. S. Rajamouli ya fitar a 2015 da 2017, ya bi hanyar Dare Dubu Da Ɗaya, ya yanke labari a kan tambayar dalilin da ya sa amintaccen bawa ya kashe ubangidansa, amma tun farko an san amsar, kuma da ta zo ta kai nauyin jiran shekara biyu, har na biyun ya fi na ɗaya ciniki nesa ba kusa ba.

A gida, marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, shi ya gaji hanyar Gizo. Ya fito a finafinai masu yawan gaske da sunansa a gaba, irin su Ibro Awilo da Ibro Usama, amma babu mai zuwa yana tambayar yadda aka ƙare a na baya. Hali ake saya, kuma halin yana nan.

Daga Kashi Zuwa Zango

Kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, sakamakon satar fasaha da masu tura finafinai a waya, kwali kuma ya tafi tare da ita. Amma kashi na biyu bai mutu ba, suna ya sauya. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in a 2019. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka ja miliyoyin 'yan kallo zuwa fim mai dogon zango, a talabijin da kuma YouTube. A wannan tsari kuɗi yana zuwa ne daga talla da yawan kallo, wato kowane mako da aka ƙara kwali ne da aka sayar. Tsohon kwaɗayin ya sami sabuwar riga, tsofaffin matsaloli kuma suka biyo shi. Alal misali, da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, sai da aka ɗauko Fati Washa ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya, 'yan kallo kuma suka rabu biyu a kan haka. Abin sha'awa shi ne, daga baya masu shirin sun rufe wancan labari suka buɗe sabo da sababbin taurari a ƙarƙashin suna ɗaya, wanda kusan shi ne maganin da Imam ya yi amfani da shi fiye da shekara tamanin da suka wuce.

Kammalawa

Mun ga cewa raba labari ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa, kuma ba shi ne laifi ba. Talauci ne ya shigo da kashi cikin littafi, cinikin kwali ya raine shi a bidiyo, talla kuma ta mai da shi zango. Inda ake samun matsala shi ne inda mai labari ya ci gaba da magana bayan abin faɗarsa ya ƙare, kuma asarar da ke cikin haka ta wuce ta kuɗin kaset, domin amanar ɗan kallo ake ci, shi kuwa idan aka yaudare shi sau biyu, a na uku ba zai saya ba, sai dai ya jira a tura masa a waya.

Tarihin garinmu ma yana da abin cewa a nan. Da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi, ya ƙare rayuwarsa yana yaƙe-yaƙe bai kafa mazauni ba. Ƙanensa Abu Ja ne ya tsaya a 1828 ya gina sabon gari da ganuwarsa, wanda aka kira Abuja, aka kuma mai da shi Suleja bayan an ba babban birnin tarayya sunan. Sarautar ta ci gaba da amsa sunan Zazzau har yau, amma abin da ya raya ta shi ne sabon ginin da aka yi mata.

Saboda haka shawararmu ga ɗalibanmu masu sha'awar rubuta labari ko fim ita ce, kafin mutum ya rubuta kashi na biyu a saman takarda, ya tambayi kansa abu biyu. Shin na san ƙarshen labarin nan tun kafin in yanke shi? Idan kuwa na riga na ƙare shi, wace sabuwar tambaya ce zan ɗora wa mutanen nan wadda ba su amsa ba a baya? Wanda ya sami amsa ya ci gaba, Allah ya taimaka. Wanda bai samu ba, ya yi koyi da kakanninmu mata, ya ce ƙurunƙus, ya bar yara su tafi barci da daɗin abin da suka ji.